Wa A Ke Yi Wa Makoki A Sinima?

Darasinmu na wannan mako zai ɗan ratse daga hanyar da muka saba bi, don kuwa gidan sinima za mu leƙa. Dalili shi ne, abin da yaro ya kalla sa'o'i biyu baki buɗe sau da yawa ya kan fi zaune masa a zuci bisa ga abin da malam ya gaya masa bayan Magariba. Finafinan yaƙi da na jaruman almara masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, su ne a yau su ka cika gidajen kallo da wayoyin 'ya'yanmu. Masu nazarin sinima a ƙasashen da a ke shirya su sun daɗe suna sukarsu, kuma a cikin sukar tasu akwai abin da ya kamata mu tsaya mu auna.

Bari mu fara da wani fim na Amurka mai suna Black Hawk Down, wanda Ridley Scott ya shirya, ya fito a 2001. Labarinsa ya faru da gaske. A ranakun 3 da 4 ga Oktoba, 1993, sojojin Amurka sun shiga tsakiyar Mogadishu, babban birnin Somaliya, don su kama waɗansu muƙarraban Janar Muhammad Farah Aidid. Aka harbo jiragensu masu saukar ungulu guda biyu, aka kwana ana ba-ta-kashi a unguwannin da ke cike da mata da yara. To, da fim ya ƙare sai a ka rubuta a kan allo cewa Somaliyawa fiye da 1,000 sun mutu, sojojin Amurka 19 kuma sun rasa rayukansu. Sa'an nan a ka jero sunayen su 19 ɗin, ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa. Mutum dubun nan kuwa ko ɗaya ba a ambaci sunansa ba.

Duk darasinmu yana cikin wannan allo. Mai kallo ya riga ya san sojan nan tun farkon fim. Ya ga hoton matarsa, ya ji barkwancinsa da abokai, don haka in harsashi ya same shi sai a sassauta kiɗa, a kawo fuskarsa kusa, zuciya ta karaya. Basomale kuwa daga nesa a ke nuno shi cikin cincirindo, yana ihu, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Ba a yi ƙarya ko ɗaya a fili ba, amma an koya wa zuciya wanda za ta yi wa makoki da wanda za ta tsallake gawarsa. Elvis Mitchell, mai sharhin finafinai na jaridar New York Times a lokacin, ya ce abin yana warin wariyar launin fata. Mutanen Malesiya da na Pakistan su ma sun koka, don sojojinsu ne su ka shiga da motoci masu sulke da tankoki su ka fito da waɗanda a ka yi wa ƙawanya, har sojan Malesiya ɗaya ya rasu, amma fim ɗin bai ba su wani matsayi na kirki ba. A ƙasar Maroko a ka ɗauki fim ɗin, kuma rundunar sojan Amurka ce ta ba da aron jirage da matuƙansu. Wannan tsohuwar al'ada ce a can: ma'aikatar tsaro ta kan ba da aron kayan yaƙi bayan ta karanta labarin ta ga ya yi mata. Haka a ka yi da Top Gun a 1986, har masu ɗaukar sabbin sojan ruwa su ka kafa tebura a ƙofar waɗansu gidajen sinima. Kowa ya ci ladan kuturu, an san abin da zai yi masa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa cutar ta Amurkawa ce kaɗai. Da a ka nuna wannan fim a Mogadishu a farkon 2002, 'yan kallo tafi su ka riƙa yi duk sa'ad da jirgi ya faɗo. Watau kowa ya zaɓi gawar da zai yi wa guɗa. Tun a 1973 François Truffaut, mai shirya finafinai na Faransa, ya faɗi cewa a ganinsa kowane fim na yaƙi daga bisani ya kan koma mai ƙawata yaƙi, ko da mai shi ya yi nufin ƙyamatar da shi. Ni dai ban yarda da maganar gaba ɗayanta ba, amma wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya ji yadda ɗaki ke ɗaukar sowa in akta ya ɗaga bindiga, ya san akwai ƙamshin gaskiya.

Finafinan jaruman almara kuwa sun ɗauki wannan dabara sun kai ta maƙura. A cikin The Avengers na 2012 abokan gaba waɗansu halittu ne daga wata duniya, ba su da suna, ba su da uwa ba su da uba, kuma da a ka tarwatsa babban jirginsu sai duk su ka zube lokaci guda. Kashe irin waɗannan ba ya nauyaya wa kowa zuciya. A Man of Steel na 2013 an rushe dogayen benaye na birni guda a faɗan mutum biyu, masu sharhi da yawa su ka tambaya, shin ina mutanen da ke cikin benayen? Sa'an nan a Avengers: Endgame na 2019, wanda ya tara kusan dala miliyan 2,800, rabin halittun da a ka hallaka a fim ɗin da ya gabace shi duk sun dawo da rai. A wannan shekarar ce Martin Scorsese, ɗaya daga cikin manyan masu shirya finafinai na Amurka, ya ce waɗannan finafinai sun fi kama da filin wasan lilo bisa ga sinima, domin babu wani abu da ke cikin haɗari na gaske a cikinsu. Magoya bayansu sun yi masa ca, suna cewa tsufa ne ya zo.

Waɗansu iyaye abin da ya fi damunsu shi ne batun aƙida, ganin ana kiran wani jarumi mai guduma da sunan abin bauta, wani kuma yana kashewa da rayawa da ƙyasta yatsa. Damuwar tana kan hanya, kuma wajibi ne a yi wa yaro bayani. Sai dai a nawa ganin wannan ce mai sauƙin magani, don yaro ya san tatsuniya in ya gan ta. Mu ma mun tashi da labarin Dodo, mun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ba wanda ya bar salla saboda su. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce koyarwar cewa mai ƙarfi, in dai nufinsa na kirki ne, ba wanda ya isa ya tuhume shi.

Don a yi adalci, akwai fim guda da ya taɓo wannan tambaya, kuma a ƙasarmu ya kafa ta. Captain America: Civil War na 2016 ya nuna faɗa a Legas tun kusa da farkonsa, ko da ya ke ba a Legas a ka ɗauka ba. Wata jaruma ta yi ƙoƙarin kawar da bam daga kasuwa, sai ya tashi a jikin wani bene, mutane su ka mutu. Daga nan ƙasashe 117 su ka nemi jaruman su sa hannu a kan yarjejeniyar da za ta sa su ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Babban jarumin ya ƙi, kuma fim ɗin ya karkata zuciyar mai kallo zuwa gare shi. Wani abin lura shi ne, matattun da a ka tsaya a ka ƙidaya a bakin mai karanta labarai su ne mutum 11 'yan Wakanda, ƙasar da babu ita a bayan ƙasa. Mutanen Legas, birnin da ke nan da ransa, sun shiga sahun Somaliyawan nan dubu.

Yanzu sai mu kawo ma'auninmu. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan buɗe Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Khalid ɗan Walid zuwa ga Banu Jazima don ya kira su zuwa ga Musulunci. Mutanen ba su iya furta kalmar da a ka saba ji ba, su ka yi amfani da wata, Khalid ya fahimce su a baibai, a ka kashe waɗansu daga cikinsu bayan an kama su. Abdullahi ɗan Umar da waɗanda ke tare da shi su ka ƙi kashe nasu kamammun. Ku tuna fa, wannan shi ne jarumin da 'yan watanni kafin nan a ka yi wa laƙabi da Takobin Allah saboda abin da ya yi a Mu'uta. Duk da haka da labari ya isa, sai Manzon Allah ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga wannan aiki, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Malaman sira sun ƙara da cewa ya aiki Sayyidina Ali da dukiya, ya biya diyyar waɗanda a ka kashe da kayan da a ka ɓata, har da ƙwaryar da kare ke lasar ruwa. Ba a zubar da darajar Khalid ba, Allah ya ƙara masa yarda, amma jaruntakarsa da kyakkyawan nufinsa ba su shafe jinin mutanen nan ba. Haka kuma wanda ya buɗe sirar Ibn Hisham a babin Badar, zai tarar an jero sunayen waɗanda su ka yi shahada, an kuma jero na Kuraishawan da a ka kashe, gida-gida.

Shin akwai fim ɗin yaƙi da ya kusanci wannan ma'auni? Dattawanmu da yawa za su ambaci Lion of the Desert, wanda Mustafa Akkad ya shirya, ya fito a 1981, a kan Shaihu Umar Mukhtar na Libiya, malamin Alƙur'ani da ya yi shekara 20 yana yaƙar Italiya har su ka rataye shi a ranar 16 ga Satumba, 1931. A cikinsa akwai wurin da mutanensa su ka so su kashe wani matashin hafsa da su ka kama, suna kafa hujja da cewa haka Italiyawa ke yi musu, sai dattijon ya hana, ya nuna musu cewa ba daga abokin gaba za su koyi hali ba. An kuma nuna hafsoshin Italiya masu kunya da tausayi a gefen azzaluman. Amma kada son da mu ke yi wa fim ɗin ya hana mu yi masa tambayar da mu ka yi wa na Amurka: kuɗin gwamnatin Gaddafi ne su ka shirya shi, ita ma kuwa tana da tata buƙatar. Gwamnatin Italiya ta hana nuna shi a 1982, bisa hujjar cewa ya taɓa mutuncin sojojinta, kuma sai a 2009 a ka nuna shi a talabijin a ƙasar.