Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Mai Wayarin Zai Yanke Kuɗin Jinga Bai Faɗi Ba?

Wani matashi mai aikin wayarin ɗin gidaje a Kano ya rubuto mana. Ya ce bai daɗe da fita daga hannun maigidansa ya fara cin gashin kansa ba, kuma aikin ba ya ba shi tsoro, faɗin kuɗin aikin ne ke ɗaure masa kai. Duk mai gidan da ya kira shi tambayarsa ɗaya ce: nawa za ka yi mini gaba ɗaya? In ya faɗi kuɗi da kauri a ce ya tsawwala, in ya sassauta kuma sai ya gama aiki ya tarar aljihu wayam. Yana son sanin yadda ake yanke farashi tsayayye, kuma ko ya fi masa ya koma karɓar ladan yini.

Madalla da wannan tambaya, ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da kake nufi shi ne jinga: a yanke kuɗi a kan aikin kansa, ko ya ci yini biyu ko ya ci mako. Haka tela yake yi, kuɗin ɗinkin riga da wando yake faɗa maka, ba ya ƙirga maka awoyin da ya yi a kan keke. Kamfanonin gyaran lantarki da yawa a Amurka ma da littafin farashi suke yawo, kowane ƙaramin aiki da kuɗinsa a rubuce. Ni dai a ganina jinga ta fi maka ladan yini a yawancin ayyuka. Mai gida ya san abin da zai kashe tun farko, ba zai tsaya a kanka yana duba agogo ba, kai kuma in hannunka ya yi sauri ribar saurin taka ce. A ladan yini gwani ne ke cutuwa, domin abin da wani zai yi kwana uku yana fama da shi, shi a yini ɗaya zai gama. Sai dai ka sani, a jinga duk jinkirin da aka samu a wuyanka yake. Shi ya sa ba a faɗin kuɗinta da ka.

Yawancin sababbin shiga abokin sana'a suke tambaya nawa ake yi a gari, su rage kaɗan don su samu aikin. Sanin farashin gari yana da amfani, amma ba a kansa ake gina lissafi ba. Wanda ka kwaikwaya wataƙila shagonsa na gado ne, ba ya biyan haya, ko kuma shi ma faɗuwa yake yi bai gane ba. Daga kanka za ka fara.

Zauna da biro da takarda ka rubuta abin da kake bukata a wata. Alƙaluman da zan kawo na koyon lissafi ne kawai, sai ka sa naka a gurbinsu. A ce cefane da hidimar gida naira 200,000 ne. Sai kuɗin da sana'ar kanta ke ci ba ka lura: man babur ko kuɗin adaidaita, katin waya, hayar shago, sallamar yaron da ke riƙe maka tsani, bakin injin huda bango da ke cinyewa, filaya da sukundireba da ke ɓacewa a wurin gini. A ce wannan ya kama 100,000. Jimilla 300,000 ke nan.

Nan ne mutane ke yin tuntuɓe, sai su raba kuɗin nan gida 26, wai kwanakin aiki na wata. Ai ba kullum ake kiranka ba. Akwai ranar da za ka wuni a Sabon Gari kana tayin kaya, da ranar da za ka je duba gini ka yi lissafi a bai wa wani aikin, da ranar da za ka iske magini bai gama ba ka juyo, ban da bin bashi. In ka tace sosai wataƙila kwana 15 ne kacal ake biyanka. To 300,000 a raba 15, yininka ya tashi a 20,000. Duk aikin da zai ci maka yini guda ka karɓi ƙasa da haka, daga aljihunka ka yi wa mai gida ciko.

Saura ka mai da yini ya koma aiki. A nan ƙasar an saba yin lissafi da abin da kuke kira foyin, wato kowane wuri guda da wuta za ta fito, kamar mazaunin ƙwan fitila, ko fanka, ko soket. Ka duba gidajen da ka riga ka yi: foyin nawa ne, kwana nawa suka ci tun daga sassaƙa bango har zuwa gwajin ƙarshe? In gida mai foyin 40 ya ci muku kwana 5 kai da yaronka, kuna yin 8 a yini, kowane ɗaya ya tsaya a 2,500. Sai ka ɗora riba, a ce kashi 20 cikin 100, ya zama 3,000, gidan duka 120,000. Kada ka ji kunyar wannan ƙarin. Dubu ashirin ɗin da yininka ya tashi ladan gumi ne da ɗawainiyar sana'a kawai. Ribar ita ce za ta saya maka sabon inji, ita ce kuma za ta biya ranar da aka sake kiranka gyara kyauta. Kuma da matsakaicin aiki za ka auna, kada ka ɗauki ranar da komai ya tafi sumul ka ce ita ce ma'auni.

Wasu na zaton farashi tsayayye na nufin kuɗi ɗaya ga kowane gida. A'a. Kowane irin aiki ne ke da nasa tsayayyen kuɗi. Wayarin ɗin da ake binne bututu cikin bango ya fi wanda ake bin saman bango da kilif cin lokaci nesa ba kusa ba. Layin fitila siririyar waya mai lamba 1.5 ake ja masa, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama ruwa galibi 4, kuka mai lantarki 6, kuma waɗannan manyan kowanne nasa layin ake ja masa tun daga akwatin rarraba wuta. Bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya da na ƙwan banɗaki ba. Shi kansa akwatin, da makunnin sauya layi tsakanin wutar gari da janareta ko sola, da ƙarfen kariya da ake binnewa a ƙasa, kowanne a yanke masa kuɗinsa daban. Bene ma ba ɗaya yake da gidan ƙasa ba.

Sai maganar kaya, wadda ta fi karya masu jinga a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Waya kuwa jan ƙarfe ce, farashinta dala yake bi. Wanda ya haɗa kaya da aiki a baki ɗaya a lokacin, mai gida ya shafe wata uku kafin ya kawo kuɗi, ya ji a jikinsa. Don haka ka raba takardarka biyu. Kuɗin aiki shi ne tsayayye. Kuɗin kaya kuwa ka rubuta a ƙasansa cewa na mako ɗaya ne ko biyu, bayan nan sai an sake jin bakin kasuwa. Ka ambaci sunan wayar ma, Coleman ce ko Cutix ko Nigerchin, da lambar kaurinta da yawan naɗin, don kada a kwatanta kuɗinka da na wanda zai sa jabu. In kai za ka je sayayya, ka faɗi la'adarka a fili. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya karya farashi ya karɓi aiki, sannan ya fanshe a waya, ya ja 1.5 inda 2.5 ta dace. Siririyar waya in kaya suka yi mata nauyi zafi take yi cikin bango, kuma ta haka gobara ke tashi a gidan da mutane ke barci.

Jinga ba ta tsayuwa sai an san iyakar aikin. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta a san aikin, a san ladan, kafin a ƙulla ijara. Ku zaga ginin tare da mai gida, ka riƙe alli kana sa alama a bango, ku ƙirga ɗaki ɗaki, ka rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa ko da hoto ne a WhatsApp. Ka ƙara layi ɗaya: duk foyin da aka ƙara bayan yau, kuɗinsa kaza. Za a ƙara kuwa. Ranar da uwargida ta zo ganin gini, sai an nemi soket a bayan gado da wani a kicin. Tunda ginin mutanenmu a hankali yake tafiya, ka kasa kuɗin gida uku: na binne bututu kafin filasta, na jan waya, da na ɗaura kaya bayan fenti. Kowane mataki a ba ka kafin alƙalami, a cika in ka gama. In an yi shekara tsakanin mataki da mataki, a sake zama.

Wuri ɗaya ne zan ce ka guji jinga: neman inda matsala take a tsohon gida. An ce maka wuta na faɗuwa, ba ka san abin da ke cikin silin ba, ko ɓera ne ya ci waya, ko wani ya yi haɗi ya naɗe da leda. Yana iya zama minti goma, yana iya zama yini biyu. Ka yanke kuɗin zuwa dubawa, in ka gano ciwon sannan ka faɗi kuɗin gyara. Ƙananan ayyuka irin su rataya fanka ko sauya makunni su ma ka sa musu mafi ƙarancin kuɗin da zai fitar da kai daga shago, domin tafiyar kaɗai rabin yini ce. In wani ya yi ƙorafin cewa minti ashirin kawai ka yi, ka tuna masa cikin raha cewa a kan aiki kuka yi ciniki, kuma in ya sake lalacewa cikin watannin da ka ɗauki alkawari za ka dawo ba ko kwabo.

Ka kuma nemi takardar shaidar ƙwarewa daga NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa tantance masu aikin lantarki a Najeriya. Mai takarda ya fi samun bakin tsayawa a kan farashinsa. Mita da layin da ke kan falwaya kuwa hurumin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, kada ka cusa su cikin jingarka ko da mai gida ya matsa.

Ka sayi ƙaramin littafi tun yau. Ayyuka goma masu zuwa, ka rubuta yawan foyin, da kwanakin da suka ci, da abin da ya rage maka bayan ka sallami kowa. Daga nan ka gyara farashinka, ka riƙa sake duba shi duk bayan wata shida. In lissafin ya rikice maka, rubuto mana da alƙaluman mu duba tare.