Murar Aladu da Haɗarin Jinkiri

Murar aladu cuta ce ta numfashi wadda ƙwayar H1N1 ke haddasawa. Ta ɓulla a ƙasar Meziko a shekarar 2009, ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba, kafin shekarar ta ƙare kuma aka tabbatar da ita a Legas. An sanar da lafawar annobar a Agustan 2010, amma ƙwayar ba ta ɓace ba, ta shige cikin murar da ke zagayowa kowace shekara. Danginta ce ta haddasa Marisuwa, annobar murar 1918, wadda ta yi ɓarna a ƙasar Hausa har kakanni suka riƙa lissafin shekaru da ita.

Mutumin Batsari ko Safana a jihar Katsina kan ce shi ba ya kiwon alade, don haka ba ruwansa. Wannan kuskure ne babba. Cutar daga mutum take kama mutum, ta tari, da atishawa, da hannun da ya shafi majina. Cunkoson kasuwa, da motar haya, da ɗakin da aka toshe saboda sanyin hunturu, da gidajen da suka cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, duk nan take samun wurin yaɗuwa.

Alamunta su ne zazzaɓi na farat ɗaya, tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai da na gaɓoɓi, wani lokaci da amai ko gudawa ga yara. Yawancin masu ita sukan warke cikin mako guda da hutu, da yawan shan ruwa, da farasitamol. Ba a ba yaro asfirin.

Abin da ya fi tayar wa hukumomin lafiya hankali shi ne jinkiri. Zazzaɓi na zuwa sai a ce shawara ce ko cizon sauro, a ruga kyamis, a haɗo ƙwayoyi ba tare da gwajin jini ba. A kwana uku, a kwana huɗu, ana jiƙe-jiƙe, cutar kuwa tana gangarawa huhu. Misalinta kamar tartsatsi ne da ya faɗa dangar kara lokacin hunturu. Da fari ƙoƙon ruwa guda ya isa, amma maigida ya ce bari ya gama cin tuwo, iska ta kaɗa, wuta ta haye rumbu, sa'annan a tara unguwa ana neman ruwa a rijiyar da ta ƙafe. Maganin da likita ke bayarwa, Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyu na farko. Su kuwa kafso da alluran kashe ƙwayoyin cuta da ake saye barkatai ba sa taɓa wannan ƙwaya, sai dai in likita ya ga wata cutar ta hau kanta.

Mace mai ciki, da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da tsoho, da mai asma ko ciwon suga ko na zuciya, ba a jira da su. Haka duk wanda numfashinsa ke fita sama-sama, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko leɓɓansa suka canza launi, ko ya fara sambatu, ko jaririn da ya ƙi kama nono. Sai a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, inda za a iya tura majiyyacin Katsina in ana bukatar iskar oksijin. Maigidan da ya hana matarsa mai ciki zuwa asibiti yana cewa mura ce kawai, ya sani amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Tawakkali bai hana neman magani ba.

Rigakafi ba shi da wuya. A wanke hannu da sabulu, a rufe baki da hanci wajen atishawa kamar yadda Sunna ta koyar, a ware wa majiyyaci kofinsa da shimfiɗarsa, a buɗe taga, a rage zaman dubiya. Malamin asibiti ya sa takunkumi, ya keɓe mai tari daga layin masu awon ciki, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma idan masu irin wannan ciwo suka yawaita. Maniyyata su karɓi allurar mura in an tanada. Limamai, dagatai da masu unguwanni kuma su isar da wannan saƙo ga jama'arsu tun kafin hunturu ya kankama.