Yadda Ake Zaɓen Gidan Jinyar Ƙarshen Rayuwa

Idan likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu a kan mara lafiya, har suka tabbatar cutarsa ta fi ƙarfin magani, kamar sankarar da ta yaɗu a jiki, ko ciwon zuciya ko na ƙoda da ya kai matuƙa, to, akwai sauran haƙƙi babba da ya rataya a wuyan iyalinsa, wato a ɗauke masa raɗaɗi, a kiyaye masa mutunci, a tsaya a kansa har ya cika cikin natsuwa a sa'ar da Allah ya ƙaddara. Domin wannan aiki aka kafa gidajen jinyar ƙarshen rayuwa, waɗanda ake kira hosfis. Kuma da yake ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, wajibi ne iyali su san yadda za su auna su kafin su damƙa musu amanar mahaifi ko mahaifiya.

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta kafa na farkonsu a wannan zamani, Sent Kiristofa, a kudancin Landan a 1967. Ita ce kuma ta koyar da cewa ciwon wanda ajali ya kusanto ya haɗa na jiki, da na zuciya, da damuwar halin da zai bar iyalinsa, da ta abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, don haka duk jinyar da ta kula da ɗaya ta bar sauran tauyayya ce. Daga nan aikin ya isa Harare a 1979, ya shiga tsarin inshorar tsofaffi ta Amurka, Medicare, a 1982, sannan Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa nata a Kampala a 1993. A Nijeriya ma asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila su suka fi cin karo da wannan zaɓi, inda asibiti kan miƙa musu jerin sunaye ya ce su ɗauki ɗaya, amma ma'aunin da za a kawo a nan yana aiki ko'ina. A sani kuma, a Amurka galibin wannan jinya a gidan majinyaci ake yin ta, ma'aikata ne ke zuwa su same shi.

Mataki na farko: san halin majinyaci da abin da yake so

Kafin a nemi kowa, sai a zauna da likitan da ke duba shi, a roƙe shi ya faɗi gaskiya ba tare da kewaye-kewaye ba: ina cutar ta kai, waɗanne wahalhalu ake sa ran za su biyo baya, wane irin taimako za a buƙata. A tsarin Medicare, sharaɗin shiga shi ne likita ya shaida cewa, in cutar ta bi hanyarta ta al'ada, abin da ya rage bai wuce wata 6 ba. Wannan ƙiyasi ne na likita, sanin ajali kuwa na Allah ne, shi ya sa in mutum ya zarce wa'adin akan sabunta shaidar, kuma yana da ikon janyewa ya koma neman magani duk ranar da ya ga dama. Bayan haka sai a tambayi majinyacin kansa, muddin hankalinsa na nan, ko ya fi son ɗakinsa ko gadon asibiti, da wanda yake so ya riƙa yin magana a madadinsa ranar da harshensa ya yi nauyi. Kunya takan hana ɗa yi wa mahaifinsa wannan tambaya. In haka ne, sai a wakilta baffa ko amini.

Mataki na biyu: bincika shaidar hukuma da ta jama'a

A Amurka, a tabbatar Medicare ta amince da gidan, sannan a duba shafinta na intanet mai suna Care Compare, inda ake bayyana ra'ayin iyalan da aka yi wa nasu jinya har ya rasu, game da saurin samun taimako, da kwantar da ciwo, da ladabin ma'aikata. Doka ta ce a binciki kowane gida aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3, saboda haka a nemi ganin sakamakon binciken ƙarshe. Wanda ya yi nuƙu-nuƙu da shi, ya riga ya ba da amsa. A Ingila hukumar CQC ce ke wannan aiki, tana ba da daraja hawa huɗu, daga mafifici, zuwa mai kyau, zuwa mai buƙatar gyara, zuwa wanda bai isa ba. A ƙasashenmu kuwa, a tabbatar likita da nas-nas masu rajista ne da hukumominsu. Amma takarda ba ta faɗin komai da komai, don haka a nemi wani gida da suka yi hulɗa da su, ta hanyar limami ko ƙungiyar 'yan gari, a ji ta bakinsu yadda makon ƙarshe ya kasance.

Mataki na uku: ƙidaya ma'aikata, ka san aikin kowa

Jinya irin wannan aikin ƙungiya ce, wadda ta ƙunshi likita, da nas, da mai taimaka wa majinyaci wajen wanka da tsarki, da jami'in jin daɗin jama'a, da mai ba da shawara ta fuskar addini. A tambayi majinyata nawa ke hannun nas guda, sau nawa za ta zo a mako, tsawon wane lokaci take zama, kuma ita ce za ta riƙa zuwa ko kullum sabuwar fuska za a gani, domin nas da ta saba da mara lafiya takan gane sauyin numfashinsa tun kafin kowa ya lura. Ƙa'idar Amurka ta tanadi cewa nas ta duba majinyaci cikin awa 48 da karɓarsa, a kammala cikakken nazarin halinsa cikin kwana 5, a riƙa sake duba tsarin jinyarsa aƙalla kowane kwana 15, nas kuma ta riƙa sa ido kan aikin mai taimako kowane kwana 14. Waɗannan su ne mafi ƙarancin abin da ake bin su, gidan kirki yakan wuce nan. A nemi alkawari tun farko cewa mace ce za ta yi wa mace wanka, namiji ga namiji, kuma in dattijon ba ya jin Turanci, a tanadi tafinta, kada a ɗora wa jika ɗan shekara goma nauyin fassara wa kakarsa zancen mutuwa.

Mataki na huɗu: jarraba su da dare

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne nauyi, domin ciwo ba ya jiran gari ya waye, kuma abin da iyali ba sa mantawa har abada shi ne daren da uwa ke murƙususu, ana buga waya ba mai ɗauka. Saboda haka, kafin a sa hannu a komai, a karɓi lambar da suka ce ta gaggawa ce, a buga ta bayan sallar Isha'i ko ranar Lahadi, a ga ko mutum ne zai ɗauka ko na'ura, in mutum ne kuma, nas ce ko mai karɓar saƙo kawai. Idan aka zauna da wakiliyarsu, a yi mata tambayar ƙeƙe-da-ƙeƙe: "Malama, in numfashin Baba ya sarƙe da ƙarfe biyun dare, wa zai zo, daga ina zai taso, cikin minti nawa zai iso?" Wadda ta san aikinta za ta faɗi adadin nas-nas da ke tsaron dare da faɗin yankin da kowace ke riƙe da shi, wadda ta ce kada a damu, komai zai yi daidai, ba ta ce komai ba.

A wannan zama ne kuma za a tambayi matakan jinya huɗu da doka ta wajabta wa kowane gida mai hulɗa da Medicare: ziyarar gida ta yau da kullum, zaman ma'aikata a gidan majinyaci na awoyi masu yawa in abin ya tsananta, kwantar da shi a asibiti in ciwon ya gagara a gida, da karɓarsa har kwana 5 domin masu jinya su huta. A ce su faɗi sunan asibitin da suke kwantarwa da nisansa, kuma yaushe rabonsu da yin zaman gida irin na tsanani, gama akwai masu rubuta shi a takarda alhali ba su da ma'aikatan yin sa.

Mataki na biyar: dubi yadda suke yaƙi da ciwo

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsari mai hawa uku: a fara da magani mai sauƙi irin farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa irin kodin, in ya tsananta a kai ga morfin; a ba da shi ta baki gwargwadon iko, kuma bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya dawo. Morfin na ruwa akan sha shi kowace awa 4, tare da ƙari na musamman in ciwo ya ɓullo a tsakani, kuma da yake yana kawo maƙarƙashiya, dole ne a haɗa shi da maganin sassauta ciki. Nas da ta ba da wannan ta manta da wancan, a sake duba ƙwarewarta. Mutanenmu da yawa suna tsoron morfin, suna zaton yana gaggauta ajali ko shi maye ne, alhali in masani ya auna shi daidai da ciwo, yakan ba mara lafiya damar yin barci, da salla, da yi wa 'ya'yansa wasiyya cikin hayyacinsa. A tambaya ko za su ajiye akwatin magungunan gaggawa a gida, na ciwo, da na tashin zuciya, da na firgita, da na kakarin maƙogwaro, su kuma koya wa mai jinya yadda ake ɗiga su a gefen kunci in haɗiya ta gagara. A ƙasashenmu babbar tambaya ita ce ko maganin yana yankewa. Yuganda ta rage wannan matsala da haɗa morfin na ruwa a cikin ƙasarta, kuma tun 2004 ta ba nas-nas masu horo izinin rubuta shi.

Mataki na shida: je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. In suna da ɗakunan kwanciya, a je a lokacin da ba su sa rai ba, kada a tsaya ga kyan fenti da furanni. A shaƙi iskar ɗakin, domin zarnin fitsari da ya zauna alama ce ta shimfiɗar da ba a sauyawa. A dubi leɓɓan majinyata, ko a bushe suke sun tsattsage, ko ana jiƙa su ana shafa musu mai. A tambayi sau nawa ake juya wanda ba ya iya motsi, gama in aka bar shi a gefe guda fiye da kamar awa 2, fatar ƙugu da diddige kan fara ja, daga nan gyambon kwanciya ya buɗe. A lura ko ma'aikaciya tana neman izini kafin ta shiga, tana jan labule kafin ta yaye mayafi, tana yi wa wanda ya daina magana bayanin abin da za ta yi masa.

Mataki na bakwai: yi maganar addini da jana'iza tun da wuri

A gaya musu a fili cewa za a so a fuskantar da gado alƙibla, a bar dangi su shigo ko da yawa ne, a yi karatu, a laƙƙana masa kalmar shahada, a kira limami ko da tsakar dare. In a ɗakinsu yake, a tanadi abincin halal da abin taimama. A tambayi alamun da za su sa su kira iyali su hallara, da wanda zai zo ya tabbatar da rasuwa, da saurin fitar da takardar shaida, musamman a ƙarshen mako, domin jinkirinta ne ke hana a yi wa mamaci sutura a kan lokaci. Iyali kuma su sanar da su sunan masallaci ko kwamitin da zai ɗauki gawa. Dokar Amurka ta ɗora wa gidajen nan tallafa wa iyali cikin baƙin cikinsu har shekara guda bayan rasuwa. A ji yadda suke cika wannan.

Mataki na takwas: karanta yarjejeniya, ka ci gaba da sa ido

Medicare tana biyan ma'aikata, da kayan aiki irin gadon asibiti da iskar shaƙa, da magungunan cutar, inda abin da majinyaci zai ƙara bai wuce dala 5 ga kowane magani ba, amma ba ta biyan kuɗin ɗaki da abinci ga wanda ke zaune a gidan tsofaffi. A sa su rubuta abin da ke kansu da abin da ke kan iyali, da magungunansa na da waɗanda za su dakatar da dalilinsu. Bayan an fara, a ajiye littafi kusa da gado, a riƙa rubuta ranar da kowa ya zo, da lokacin da aka kira, da lokacin da aka amsa. In aka ga saɓa alkawari, a fara da shugabar nas-nas cikin ladabi, da littafin a hannu. In ba a gyara ba, majinyaci na da haƙƙin komawa wani gida, kuma kada nauyin baki ya hana iyali amfani da shi, domin kwanakin da suka rage kaɗan ne, ba a kuwa maimaita su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu cika da imani.