Darasi na Tara: Jaje da Agajin Ƙasashen Duniya a Girgizar Ƙasar Haiti ta 2010

9.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan gobara ta cinye gidan maƙwabci, ba a tsayawa ga faɗin "Allah ya mayar da alheri" kaɗai. Wani zai kawo tabarma, wani kwanon hatsi, wani kuma ya ba da aron ɗaki. Haka ƙasashe suke yi wa junansu idan masifa ta auku. A wannan darasi za a duba girgizar ƙasar da ta afka wa Haiti a shekarar 2010, da irin jaje da agajin da duniya ta kai mata, sannan a nazarci kalmomin da Hausa take amfani da su a wannan fage.

9.1 Aukuwar Masifar

Haiti ƙasa ce da ke yankin tekun Karebiyan, kuma mafi yawan mutanenta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Sun ƙwaci 'yancinsu daga Faransa a shekarar 1804. A ranar Talata 12 ga Janairu, 2010, da misalin ƙarfe biyar saura na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta auku kimanin kilomita 25 yamma da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki da asibitoci da makarantu duk sun rushe. Hedikwatar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta rufta, shugabanta Hédi Annabi, ɗan ƙasar Tunisiya, yana cikin waɗanda suka rasu. Gwamnatin Haiti ta ce mutum 316,000 ne suka mutu, wasu masu bincike kuwa sun kawo adadin da bai kai haka ba. Kimanin mutum miliyan 1.5 suka rasa matsuguni.

Ƙarfin girgizar kaɗai bai isa ya bayyana yawan asarar ba. A watan Fabrairu na wannan shekara, girgizar da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta afka wa ƙasar Chile, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Bambancin yana ga gini. A Chile akwai dokar gini da ake bi, a Port-au-Prince kuwa talauci ya sa an cunkusa gidajen bulo marasa isasshen rodi a kan gangaren duwatsu.

9.2 Jajen Duniya da Agajin Gaggawa

Kafin gari ya waye, saƙonnin jaje sun fara kwarara zuwa ga Shugaba René Préval. Jamhuriyar Dominikan, wadda suke tsibiri ɗaya da Haiti, ta aika da abinci da ruwa, ta kuma buɗe asibitocinta ga masu rauni. Likitocin Kuba, waɗanda dama suna aiki a ƙasar tun 1998, suna cikin na farko da suka fara ɗinke raunuka. Amurka ta tura dubban sojoji, ta karɓi ragamar filin jirgin sama. Daga Afirka, Shugaba Abdoulaye Wade na Senegal ya yi tayin ba da filin zama ga duk ɗan Haiti da ke son komawa nahiyar kakanninsa, kuma a watan Oktoba ɗalibai 163 suka isa Dakar domin ci gaba da karatu.

Ƙungiyoyin ceto na ƙasashen waje sun zaƙulo mutum kimanin 130 da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Waɗanda maƙwabta da dangi suka tono da hannu da shebur sun ninka wannan adadi sau da yawa, sai dai kyamarorin duniya ba su cika haska su ba.

A ranar 31 ga Maris, 2010, aka yi taron masu ba da gudummawa a New York, inda aka yi alkawarin fiye da dala biliyan 5 a zango na farko, domin sake gina ƙasar.

9.3 Inda Gizo Yake Saƙa

Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Kuɗin da aka ambata a taron sun riƙa fitowa a hankali, kuma mafi yawan abin da ya fito ya bi ta hannun ƙungiyoyi da kamfanonin ƙasashen da suka bayar. Kaso kaɗan ne ya shiga hannun gwamnatin Haiti da ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Bayan shekara guda, dubban ɗaruruwan mutane suna kwana a cikin tantuna.

Harshe ma ya zama shinge. Harshen uwa na jama'ar Haiti shi ne Kiriyol, amma tarurrukan tsara agaji da yawa da Ingilishi aka gudanar da su, ta yadda masu gida suka koma 'yan kallo. Inda aka girmama harshen jama'a kuwa, an ga amfani. An buɗe lambar waya 4636, wadda mabukata suke aika saƙo gare ta da Kiriyol, 'yan Haiti mazauna waje suna fassarawa suna miƙa wa masu ceto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Oktoba na 2010 cutar kwalara ta ɓarke a yankin kogin Artibonite. Bincike ya gano cewa ƙazantar da ta malala daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal ce ta gurɓata ruwan. Fiye da mutum 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Sai a watan Disamba na 2016 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen Haiti.

9.4 Nazarin Kalmomi

Ɗalibai sukan cakuɗa waɗannan kalmomi a insha'i, alhali kowace da muhallinta:

(a) Ta'aziyya: ararriyar kalma ce daga Larabci, ta keɓanta ga mutuwa.

(b) Jaje: ana yin sa ga wanda ya yi asara ko ya gamu da tsautsayi, kamar gobara ko sata. Wanda ya tsira kuwa, barka da arziki ake yi masa.

(c) Alhini: baƙin cikin da ke cikin zuciya ne. Ana nuna alhini, ba a kai shi.

(d) Agaji: taimakon gaggawa ne ga wanda ke cikin haɗari, kamar tono wanda gini ya danne.

(e) Gudummawa: abin da kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, a lokacin masifa ko na biki.

(f) Tallafi: daga aikatau "tallafa", wato tokare abu don kada ya faɗi. Ya fi agaji daɗewa.

9.5 Kammalawa

An ga yadda duniya ta yi wa Haiti jaje da gaggawa, ta kai agaji mai yawa, amma tallafin da zai tsayar da ƙasar da ƙafafunta ya yi rauni, saboda ba a sa masu gida a gaba ba. Malamin da zai koyar da wannan darasi ya fara da masifar da ɗalibansa suka sani, kamar ambaliya ko gobarar kasuwa, ya nuna musu Haiti a taswira, sannan ya shiga karatu.

9.6 Auna Fahimta

1. Me ya sa asarar rayuka a Haiti ta fi ta Chile yawa?
2. Kawo matsaloli uku da suka dabaibaye agajin da aka kai Haiti.
3. Bambanta tsakanin jaje da ta'aziyya, da kuma agaji da tallafi, tare da misali a jimla.
4. Fito da karin magana biyu daga darasin, ka bayyana yadda suka dace da muhallinsu.
5. Rubuta wasiƙar jaje zuwa ga shugaban wata makaranta da ambaliya ta rusa wa azuzuwa.