Yadda Ake Sauko da Majiyyaci Daga Kan Tsaunin Eberest

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan mai hawan tsauni ya karye ko ya some, sai kawai a tura jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata a san dalili.

Tsaunin Eberest, wanda ke kan iyakar Nefal da Sin, tsawonsa mita 8,849. Daga mita 8,000 zuwa sama, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kimanin kashi ɗaya ce cikin uku na wadda yake samu a bakin teku. Masu hawa suna kiran wajen "yankin mutuwa". Rashin kaurin iskar nan da ke galabaitar da huhu shi ne kuma ke kashe wa jirgi ƙarfi, domin fukafukansa ba sa samun abin da za su tura. An taɓa sauke jirgi a kan ƙololuwar a 2005, amma matuƙin, Bafaranshe Didier Delsalle, shi kaɗai ne a ciki.

A watan Mayun 1996 guguwar ƙanƙara ta halaka mutum takwas a tsaunin. Wani hafsan sojan Nefal, Madan Khatri Chhetri, ya kai jirginsa wajen mita 6,000, ya tarar da majiyyata biyu, alhali mutum ɗaya kawai jirgin zai iya ɗauka. Ya fara da Makalu Gau, mutumin Taiwan da sanyi ya cinye wa ƙafafu, sannan ya koma ya ɗauko Beck Weathers, likita Ba'amurke. Sai dai kafin jirgin ya same su, 'yan'uwansu masu hawa ne suka sauko da su daga kusan mita 8,000.

Nan ne wahalar take. A can sama, ƙaƙƙarfan mutum ma sai ya tsaya ya ja numfashi sau da dama kafin ya ƙara taku ɗaya, balle a ce ya ɗauki wani. Hanyar kuma siririya ce, igiya ɗaya kowa ke bi, gefe da gefe rami. Tukunyar oksijin tana ƙarewa, dare yana yi, kuma duk sa'ar da mai ceto ya ƙara a wurin, ransa yake sa wa a caca. Shi ya sa a 2006 masu hawa da dama suka wuce Baturen Ingila David Sharp yana zaune cikin wani kogo, har rai ya yi halinsa. An yi ta zarginsu, kuma zargi daga ƙasa ba shi da wuya.

Duk da haka akwai masu yi. A watan Mayun 2023, Gelje Sherpa yana yi wa wani ɗan ƙasar Sin jagora zuwa ƙololuwa, sai ya ga wani mutumin Maleshiya maƙale da igiya yana karkarwa, sama da mita 8,000. Ya lallashi ubangidan tafiyarsa ya haƙura da hawan, abin da ba ƙaramar asara ba ne ga wanda ya zuba dubban daloli. Ya naɗe majiyyacin cikin tabarmar kwana, wani wuri ya ja shi a kan ƙanƙara, wani wuri ya goya shi. Mita 600 kacal suka sauka, amma sai da suka ci kimanin sa'a shida. Daga nan wani jagoran ya kama masa, suka kai shi sansani na uku, wajen mita 7,100. Ko a can ma jirgin bai sauka ba. Doguwar igiya ya zuro, aka ɗaura mutumin, ya tashi da shi yana reto har sansanin gindin tsauni.