Tarin jini da fitsarin jini tare: a duba ƙoda kafin lokaci ya ƙure

A wurinmu, duk wanda ya yi tari ya ga jini, tarin fuka ake fara zargi. Wanda ya ga jini a fitsari kuwa sai a ce tsargiya ce. Sau da yawa zargin daidai ne. Amma idan biyun suka haɗu wa mutum ɗaya cikin 'yan kwanaki, ga kasala, ga kumburin ƙafa, fitsari kuma yana raguwa, akwai wata cutar da ya kamata a tuna da ita. Sunanta cutar Goodpasture, daga sunan likitan Amurka Ernest Goodpasture, wanda a 1919 ya yi bayanin wani saurayi ɗan shekara 18 da ya rasu da zubar jini a huhu da lalacewar ƙoda. Ba ta cika faruwa ba, kusan mutum 1 cikin miliyan a shekara, amma takan kashe ƙoda cikin makonni.

Me ya haɗa ƙoda da huhu? A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, inda jini ke tacewa ta wani siririn tantani. Irin tantanin nan ne kuma ya raba iska da jini a huhu. Da sinadarin kolajin nau'i na 4 aka saƙa shi, zare uku da aka tufke kamar igiya: alfa 3, alfa 4 da alfa 5. Kan kowace igiya yana haɗewa da kan wata, su kulle gam. A cikin kullin, a jikin alfa 3, akwai wurare biyu a ɓoye waɗanda garkuwar jiki ba ta ganinsu. Idan kullin ya saki, siffar wurin ta sauya, sai garkuwar ta ɗauka baƙo ne, ta ƙera antibodi don yaƙarsa. Su kuma su manne a tantanin, su tayar da kumburi har ya yage, jini ya ɓalle. A 1967 masana a Amurka suka ciro waɗannan antibodi daga ƙodar majinyata, suka saka wa birai, ƙodar biran ta kamu.

Tantanin huhu ya fi kariya, antibodi ba sa kai masa sai an yi masa rauni. Hayaƙin taba, tururin fetur da na fenti, da ciwon huhu su ke buɗe musu hanya. Shi ya sa mai shan sigari ya fi zubar da jini a huhu. Gado ma na da hannu, amma cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Idan aka ga alamun nan tare, abin yi shi ne a je asibiti a ranar, a nemi gwajin fitsari da na kiriyatinin a jini, ba hoton ƙirji da gwajin majina kaɗai ba. A lura, maganin tarin fuka rifampicin yakan rina fitsari ja, don haka launi ba hujja ba ne, gwaji ne ke rarrabewa. Idan ƙoda ta taɓu, a nemi a tura majinyaci wurin likitan ƙoda a asibitin koyarwa. Can za a nemi antibodin a jini, a tsakuro ɗan naman ƙoda da allura a duba. A gwada kuma wani antibodin daban da ake kira ANCA, domin kusan ɗaya cikin uku na masu cutar suna da shi. Kafin nan a guji ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙe, a bar taba gaba ɗaya.

Maganin kashi uku ne. Ana musanya ruwan jini da na'ura kullum, kamar mako biyu, don kwashe antibodin. Ana ba da prednisolone don kwantar da kumburi. Sai cyclophosphamide na wata biyu zuwa uku don hana ƙera sababbi. Zubar jinin huhu yawanci yakan tsaya. Ƙoda kuwa lokaci ne ke yanke mata hukunci: mafi yawan waɗanda aka fara wa magani da wuri ƙodarsu na tsira, waɗanda suka iso suna buƙatar wankin ƙoda kuwa kaɗan ne ke rabuwa da shi. Waɗanda ba su rabu da shi ba ana iya yi musu dashen ƙoda bayan wata shida ba a ga antibodin a jini ba, kuma cutar ba ta cika dawowa ba.