Ku bar wa na'ura gyaran layi

Wani ɗalibi ɗan Safo da ke karatun kwamfuta a Maraɗi ya kawo mini kuka. Su huɗu ne suke rubuta wata ƴar manhaja da Python, ta lissafin gero da waken da ke shiga da fita a rumbun wata ƙungiyar manoma ta garinsu. Manhajar tana aiki, amma rubutunta ya zama kamar gonar da mutum huɗu suka shuka ba igiya: wannan yana shigar da layi da gurbi biyu, wancan da huɗu, na uku da maɓallin Tab. Duk wanda ya buɗe fayil sai ya mayar da shi yadda idonsa ya saba, Git kuma, mai ajiye musu tarihin canje-canje, ya nuna layi ɗari biyu sun canza, alhali gyaran gaskiya bai wuce layi uku ba. Har an fara ƙaurace wa juna.

Ga amsata gare shi: ƙanena, abin ya taɓa ni, domin na ga abota ta yi tsami a kan ƙasa da wannan. A Python ma ba zancen kyan gani ba ne kaɗai: in aka gauraya Tab da gurbi ba bisa tsari ba, manhajar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

A kasuwa ba kowa ke zuwa da tiyarsa ba. Ana yarda da guda, ciniki ya tafi. Ku ma haka za ku yi. Masu Python suna da ƙa'idar PEP 8 tun 2001, wadda ta ce gurbi huɗu. A 2018 kuma Łukasz Langa ya fito da Black, wanda ke jera rubutun da kansa, ya karya layin da ya zarce harafi 88, ya daidaita alamomin zance. Kafin ya ajiye fayil yakan auna ko ma'anar rubutun tana nan yadda take, don haka kada ka ji tsoron zai ɓata muku lissafi.

Ranar da kake Maraɗi da intanet mai ƙarfi, buga pip install black. Daga nan ba ya neman intanet, ko a zauren gidanku a Safo zai yi aiki. Ku huɗun ku sauke fitowa iri ɗaya, don salonsa yakan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara. Abin da kuka yarda a kai, kamar tsawon layi, ku rubuta shi a fayil ɗin pyproject.toml cikin aikin, kada ya tsaya a baki. Mai rubutu da VS Code ya kunna editor.formatOnSave, don a riƙa jera rubutun duk lokacin da ya ajiye fayil.

Ga inda mutane suka fi tuntuɓe. Gyaran farko zai taɓa kusan kowane fayil. Sai kowa ya haɗa aikin da ke hannunsa tukuna, sannan mutum ɗaya ya buga black da ɗigo a gabansa, ya ajiye wannan a Git shi kaɗai, ko waƙafi kada ya ƙara na kansa. In an cusa sabon aiki a ciki, ba mai iya tsamo shi daga baya. Lambar wannan ajiyar ku sa ta a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs, ku nuna wa Git shi, don kada git blame ya ɗora kowane layi a wuyan wanda ya yi sharar.

In wata rana ka shiga aikin wasu, bi nasu tsarin ko bai yi maka ba: masu Go suna da gofmt, masu JavaScript galibi Prettier.

Sunaye kam Black ba ya taɓa su. In ɗaya ya rubuta gero, ɗaya mil da Faransanci, wannan sai kun zauna ku huɗu kun zaɓi harshe guda.